Tarihin Ilmin Ƙwayoyin Tauraro na Ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin tauraro, waɗanda masana ilmin ɗibbu ke kira astirosait, wasu ƙananan halittu ne masu rassa da ke zaune a tsakanin ƙwayoyin jijiya cikin ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, kuma tarihin saninsu tarihi ne na abin da aka daɗe ana rainawa kafin a gane darajarsa.

A 1856 Rudolf Virchow, likita Bajamushe, ya bayyana cewa akwai wani abu da ya cike tsakanin jijiyoyi, sai dai ya ɗauke shi tamkar laka a tsakanin tubala, wadda ba ta da aiki illa riƙe gini. Camillo Golgi na Italiya, da ya ƙago rinin azurfa a 1873, ya ga rassan ƙwayoyin tauraro sun ɗafe a jikin hanyoyin jini, ya yi zaton ta nan suke ciyar da jijiyoyi. Daga baya, cikin shekarun 1890, wani masani mai suna Lenhossék ya raɗa musu suna saboda siffarsu. Duk da haka, tun da ba sa aika saƙon lantarki yadda jijiyoyi ke yi, sai malamai suka juya musu baya kusan ƙarni guda.

Al'amari ya sauya a 1990, sa'ad da wata masaniya mai suna Cornell-Bell da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka nuna cewa idan gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ke zance da shi, ya taɓa ƙwayoyin tauraro, igiyar kalshiyam kan ratsa su daga ɗaya zuwa ɗaya. A 1999 wani masani mai suna Araque da abokansa suka kafa hujjar cewa mahaɗar jijiyoyi ɓangare uku gare ta, na ukun shi ne reshen ƙwayar tauraro, wanda ke kwashe rarar gulutamet da fotashiyam don kada jijiya ta zarce haddi. Idan wannan aiki ya gaza, farfaɗiya na iya samun ƙofa. A 2001 aka tabbatar cewa asalin wata cutar ƙwaƙwalwa da ake kira cutar Alexander illa ce a cikin ƙwayoyin tauraro.

Ga mutanen garin Maga, inda madatsar ruwan da aka gina a 1979 da gonakin shinkafar kamfanin SEMRY suka kawo albarka, sauro kuma yake samun wurin hayayyafa, wannan ilmi ba baƙo ba ne. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka, ya yi jijjiga, ya shiga dogon suma, jajayen ƙwayoyin jininsa ne suka toshe ƙananan hanyoyi, shingen da ƙwayoyin tauraro ke taya tsarewa tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya raunana, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Tun 1917 masani Hermann Dürck ya ga tarin ƙwayoyi irin na tauraro kewaye da wuraren da suka lalace. Don haka wajibi ne a gaggauta kai yaro asibiti tun jijjigar farko.