Gawayin maƙeran Adar da lambar nauyi ta 14

Tarihin Adar, kamar yadda Djibo Hamani da Nicole Echard suka rubuta shi a 1975, ya dogara ƙwarai ga bakin tsofaffi. Amma a duwatsun Buza da Keita, har zuwa kwarin Majiya wajen Madawa, akwai wata shaida da ba ta magana, wato kashin maƙera da gawayin da aka narka tama da shi. Domin mu karanta ta sai mun ratsa ta ilimin zarra.

Mendeleyev ya jera sinadarai a 1869 bisa nauyinsu, jerin kuwa ya yi gardama a wasu gurabu. A 1913 Moseley ya nuna cewa cajin cibiyar zarra, wato adadin furoton, shi ke ba sinadari matsayinsa. A shekarar kuma Soddy ya raɗa sunan izotof ga ƴan gida ɗaya masu nauyi dabam-dabam. Dalilin bambancin bai bayyana ba sai da Chadwick ya gano nutoron a 1932. Furoton da nutoron in an haɗa su, su ne abin da Faransanci ke kira nombre de masse. Mun fassara shi da "lambar nauyi", ko da yake fassarar ba ta gamshe mu ba, tun da ƙidaya ce ake nufi.

Kowane karbon furoton 6 gare shi. Mai nutoron 6, karbon 12, ba ya sākewa. Mai nutoron 8, karbon 14, yana rikiɗa ya koma nitrojin 14, lambar nauyi tana nan amma sinadari ya sauya, kuma rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5730. Itace na daina ɗaukarsa ranar da ya mutu. A kan wannan Libby ya kafa awonsa a 1949, Cheikh Anta Diop kuma ya buɗe ɗakin irin wannan awo a Dakar cikin shekarun 1960.

Sai dai mu yi hattara. Awon yana ba da shekarun itacen ne, ba ranar da aka hura wuta ba. Sa'annan daga wajen 1650 zuwa 1950 yawan karbon 14 a iska ya yi ta hawa da sauka, har awo guda kan dace da lokuta da dama. Cin Adar da Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya yi a ƙarshen ƙarni na 17 ya faɗo cikin wannan tazara. Game da zamanin nan, a ganinmu, jerin sarakuna da asalin zuri'ar maƙera sun fi gawayi amfani. Gawayin ya fi ƙarfi a kan murahun da suka riga Agabba.