Gurbi da tallafin karatu a manyan jami’o’in duniya: Matsayin ɗaliban Masarautar Yauri

Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski da ke bakin Tafkin Kainji, gari ne na masunta da manoma da ’yan kasuwa. Kamar a Yauri da Shanga, yawancin yaran da suka kammala sakandare a nan jami’o’in Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato suke nema. Duk da haka, karatun ƙetare ba baƙon abu ba ne a yankin. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan asalin Ngaski, ya yi digirinsa na biyu a Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan tarihin Yauri, ya samu digiri na uku a Jami’ar Birmingham ta Ingila a 1974, daga baya kuma ya shugabanci Jami’ar Sakkwato. Tambayar da iyaye ke yi a yau ita ce, ta wace hanya ɗan ƙaramin ma’aikaci ko ɗan mai sayar da busasshen kifi zai bi wannan sawu, ganin yadda Naira ta faɗi tun daga Yunin 2023.

Kuɗin karatu da wanda zai biya

A manyan jami’o’i masu zaman kansu na Amurka, kuɗin makaranta da masauki da abinci yana haura Dala 80,000 a shekara, wato fiye da Naira miliyan 100 a canjin 2025. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jami’o’in da suka fi tsada su ne kuma suka fi sakin hannu. Ba don hazaƙa suke ba da tallafi ba, domin duk wanda suka ɗauka haziƙi ne; gwargwadon buƙata suke bayarwa. Sai su duba samun iyaye, su ƙayyade abin da za su iya biya, su cike sauran. A Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da samunsu bai wuce Dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya komai ba, har da masauki da abinci.

Akwai bambanci guda da ya kamata a fahimta tun kafin a cike takarda. Wasu ’yan tsirarun jami’o’i ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje a lokacin da suke yanke shawarar ɗaukarsa, daga cikinsu akwai Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin da Brown. Sauran kuwa suna dubawa: ɗalibin da ya ce ba zai iya biyan ko kwabo ba yana takara ne da sauran mabuƙata daga ko’ina a duniya a kan ƙaramin kaso na kuɗi. Ɓoye buƙatar ba dabara ba ce, domin yawancinsu ba sa karɓar roƙon tallafi daga baƙon ɗalibin da bai nema tun farko ba.

Ƙofa ce ƙarama

A 2024 mutum sama da 54,000 suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100. Don haka ko wanda ya fito da A1 a duk darussan WAEC ba shi da tabbas. Ana duba sakamakon aji huɗu zuwa shida na sakandare, da wasiƙun shaida daga malamai, da rubutun da ɗalibi ya yi game da kansa, da jarrabawar SAT wadda MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Dartmouth da Brown suka bi baya a 2024.

A wajen rubutun ne ɗan bakin tafki yake da abin faɗi. Jami’o’in suna auna ɗalibi da irin damar da ya samu, kuma yaron da ya tashi yana taya mahaifinsa gyaran koma ko noman albasa, ya iya Kambarci ko Gunganci bayan Hausa da Turanci, ba ya buƙatar aron labarin wani. Haka kuma takardar Common App, wadda ake neman jami’o’i da yawa da ita a lokaci guda, tana da gurbin bayyana abin da ya katse wa mutum karatu. Wannan ya shafi yankin kai tsaye, inda sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 ya janyo wa yara da dama asarar zangunan karatu.

Inda gizo ke saƙa

Shaidar samu ita ce ke ba ’yan kasuwa wahala. Ma’aikaci yana da takardar albashi da bayanin banki. Dillalin kifi ko shinkafa wanda cinikinsa hannu da hannu ne, sai ya haɗa bayanin asusunsa da rubutaccen lissafin shekara kafin ya cike takardar CSS Profile da yawancin jami’o’in ke nema. Ya kamata lissafin ya ƙunshi yawan mutanen da yake ciyarwa, domin ana la’akari da hakan.

Sannan akwai kuɗin da ake kashewa kafin tallafi ya zo: fasfo a Birnin Kebbi, tafiya Abuja don rubuta SAT, Dala 350 na rajistar ɗalibai baƙi da Dala 185 na biza. Ana iya neman a yafe kuɗin cike takarda ta hannun malamin makaranta. Cibiyar EducationUSA da ke Abuja da Legas tana ba da shawara, kuma ta daɗe tana da shirin ɗaukar nauyin irin waɗannan kuɗaɗe ga haziƙai marasa hali.

Babban cikas a yanzu shi ne bizar kanta. A Disambar 2025 gwamnatin Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga, matakin da ya shafi bizar ɗalibai daga 1 ga Janairun 2026. Duk mai niyya sai ya tabbatar da halin da dokar take ciki kafin ya kashe ko sisi.

Sauran hanyoyi

A Birtaniya, Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar ɗalibin digiri na farko da sakamakon WAEC kaɗai, kuma tallafinsu a wannan mataki kaɗan ne. Ƙarfinsu yana digiri na biyu da na uku, inda ake da Chevening, mai buƙatar shekara biyu ta aiki, da Commonwealth da Gates Cambridge da kuma Rhodes. Shirin Gidauniyar Mastercard, wanda aka fara a 2012, yana biya wa ’yan Afirka a jami’o’i irin su McGill da Toronto da Edinburgh da Cape Town da Ashesi ta Ghana. Turkiyya da Hungary da Jami’ar Musulunci ta Madina su ma suna ɗaukar nauyin ɗalibai.

A gida, Asusun PTDF yana tura masu digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur. Shirin BEA, wanda ya daɗe yana kai ɗalibai Rasha da Maroko da Aljeriya da wasu ƙasashe, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi a 2025. Bashin NELFUND kuwa na makarantun gwamnati na cikin gida ne kawai.

Idan aka jera waɗannan duka, za a ga guraben sun fi yawa bayan digiri na farko. Ga ɗalibin Warra ko Shanga, hanya mafi tabbas ita ce ya rubuta JAMB, ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba a jami’ar gida, sannan ya nemi na ƙetare, kamar yadda Mahdi Adamu ya fara daga Zariya. Wanda kuma yake son gwada sa’arsa tun daga sakandare, zagayen farko na manyan jami’o’in Amurka yana rufewa ne a farkon Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, sakamako ya fito a ƙarshen Maris, lamarin da ke nufin sai an fara shiri tun yaro yana aji biyar.