Garuruwan da Ruwa Ya Ci

Wanda ya tsaya a bakin tafkin Kainji yau ruwa kaɗai yake gani, amma a ƙarƙashinsa akwai garuruwa. Gwamnatin Tarayya ta soma gina madatsar a 1964. A 1968 ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, duk da fadar sarkinta, da gungaye masu yawa na ƙasar Yauri da Ngaski. Mutum wajen 44,000 aka tayar.

Ba mu musun albarkar wutar lantarki. Abin da ya ci wa iyayenmu rai shi ne gidajen da aka ba su. Wani Bature, Robin Atkinson, ya zana su: bangon bulo, da rufin asbestos mai lanƙwasa. A takarda sun yi kyau. Amma Bagunge da Bakambare sun saba da ɗakin laka mai jinka, wanda mutum ke gyarawa da hannunsa kafin damina. Sabon rufin kuwa in ya tsage, sai kuɗi. Waɗansu suka gina bukkokinsu a gefe, suka bar na gwamnati. Kaburburan kakanni kam, ba su ƙaura ba.

Ganuwar Birnin Yauri ta tsira, gama tafkin bai kai gare ta ba. Amma tun da sarauta ta koma Yelwa a 1888, damina da garma ke cin ta kaɗan-kaɗan a kan idonmu. Wannan ba ruwan madatsa.