Lokacin da manyan 'yan tseren moto na duniya ke ratsa Nijar

Kwanan baya a fada, ana shan shayi, samari sun taru kan waya guda suna kallon tseren moto na MotoGP. Gardama ta kaure a kan Marc Marquez ɗan ƙasar Sipaniya, wanda ya karya hannu a 2020, anka yi mishi aiki har sau huɗu, ya dawo ya ɗauki kambin duniya a 2025 yana da shekara 32. Wasu na cewa ya aje haka nan tun da sauran mutunci, wasu na cewa da sauranshi. Munka tambaye su ko sun san cewa manyan 'yan tseren moto na duniya sun taɓa ratsa ƙasarmu kusan kowace shekara. Wallahi mutum biyu kaɗai sunka san zancen. Shi ya sa munka ga ya kamata mu tuno da wannan tarihi.

A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da motonshi cikin hamada, a tseren Abidjan zuwa Nice. Da anka ceto shi, sai ya ƙudurta shirya nashi tseren. Ranar 26 ga Disamba 1978 anka tashi daga Paris, anka bi ta Aljeriya, anka shigo Nijar ta Agadas har Yamai, sannan Mali da Haute-Volta, anka isa Dakar cikin Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya zo na farko bisa Yamaha XT 500. Wannan shi ne mafarin Paris-Dakar.

Daga baya hamadar Tenere ta zama wurin da ake gwada jarumta. A 1983 guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40, sai da Sabine ya yi kwanaki yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su. Shi kanshi ya rasu ranar 14 ga Janairu 1986 a haɗarin jirgin, kusa da Gourma-Rharous ta Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine. A Tenere anka watsa tokarshi, gindin wata itaciya da har yau ake kira da sunanshi.

To, a nan ne zancen tsufa ya shigo. Babu wanda ya yi suna bisa moto a wannan tsere kamar Stéphane Peterhansel. Ya ci sau shida da Yamaha: 1991, 1992, 1993, 1995, 1997 da 1998. Na 1997 ma sunanshi Dakar-Agadas-Dakar, wato garinmu na arewa ne majuyar tseren. Bayan nasarar 1998, yana da shekara 32, daidai shekarun Marquez ke nan, ya sauka daga moto ya shiga mota. Ya sha jira kafin ya ci na farko a mota, sai a 2004 da Mitsubishi. Amma ya ci gaba har ya tara takwas, na ƙarshe a 2021 yana da shekara 55.

Ku dubi kuma Fabrizio Meoni ɗan Italiya. Ya ci a 2001 da 2002 bisa KTM. A 2005 ya shiga tseren da ya ce shi ne nashi na ƙarshe, yana da shekara 47. Ranar 11 ga Janairu ya faɗi a Muritaniya, bai tashi ba. Rai na hannun Allah, kowa da ranarshi. Sai dai mu da muke kallon kokowa mun san abin: ɗan kokowa kan ji ƙarfi a zuciya alhali gwiwa ta fara gajiya. A mota akwai ƙarfe da ke kare mutum, a moto kuwa jikinka ne ke fara taɓa ƙasa.

Me ya raba mu da tseren? Tsaro. A 2000, da ayarin ya iso Yamai kan hanyarshi ta zuwa Alƙahira, anka samu barazanar hari, sai anka soke zangunan Nijar, anka kwashe motoci da mutane a jirgin sama zuwa Libiya. A 2008 anka soke tseren baki ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma yana Saudiyya, sunan Dakar kawai ya rage. MotoGP ma rabonta da Afirka tun 2004 a Afirka ta Kudu, ranar da Valentino Rossi ya ci. Daga 2027 za a rage girman injinansu daga 1000cc zuwa 850cc don a rage gudu.

Kada mu yi ta yabo kawai. Agadas ta samu baƙi da ciniki, masu jagora da masu gyara sun samu na cefane. Amma a ƙasashen da ayarin ke ratsawa an take mutanen ƙauye, har da yara, kuma ba kasafai ake tuna sunansu ba kamar yadda ake tuna na Turawan.

Yau a Dakoro moto ba wasa ba ne. Shi ke kai mara lafiya asibiti daga ƙauye, shi ke ciyar da ɗan kabu-kabu da iyalinshi. A wasu yankunan Diffa da Tilaberi har hana hawanshi anka yi saboda 'yan bindiga. Gwanintar tuƙi cikin rairayi kuwa, yaranmu suna da ita, duk wanda ya bi hanyoyin Tarka ya gani. Ross Branch ɗan Botswana ya zama zakaran duniya na tseren hamada a 2024, ke nan ɗan Afirka na iyawa. Abin da babu shi ne fili da doka da likita a gefe. Shi ya sa tseren namu ya koma ranar ɗaurin aure, cikin gari, babu hular kwano, yara na gilmawa.

Muna roƙon magabata da ƙungiyoyin masu moto su duba ko za a ware fili bayan gari, a sa ƙa'ida, wanda bai da hula kada ya hau. Ku kuma ƙannenmu, Marquez da kuke so, da kayan kariya da likitoci kewaye da shi, ya yi shekara kusan uku yana fama da hannu guda. Ku lissafa abin da karaya irin wannan za ta ci a gidanku. Allah shi kiyaye mu, shi maido da zaman lafiya a ƙasarmu.