Macizai masu kama da tana: rabe-rabensu da yankunan da suke rayuwa

Macizai masu kama da tana ƙananan macizai ne da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Jikinsu sumul ne, kai da wutsiya kusan kauri ɗaya. Sunan ya ƙunshi rukuni biyu waɗanda ba su da dangantaka ta kusa.

Rukuni na farko shi ne Scolecophidia, wato makafin macizai, waɗanda ɓawo ya rufe idanunsu. Tun daga shekarar 2010 masana ke raba su zuwa iyali biyar. Typhlopidae da Leptotyphlopidae sun bazu a Afirka, Asiya da nahiyar Amurka. Anomalepididae na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, Gerrhopilidae daga Indiya zuwa Niugini, Xenotyphlopidae kuwa a Madagaska kaɗai. Abincin yawancinsu ƙwai da ’ya’yan tururuwa da gara ne. Nau’in Indotyphlops braminus, wanda duk mata ne masu hayayyafa ba tare da namiji ba, ya yaɗu a duniya ta cikin tukwanen furanni.

Rukuni na biyu shi ne Carphophis, mai nau’i biyu, amoenus da vermis. Ana samunsu a ƙasar Amurka kawai, kuma tana suke ci.

Dukkansu ba su da dafi. Sai dai a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, akwai macijin rami mai dafi, Atractaspis, wanda ke kama da su. Saboda haka, bai kamata a ɗauki baƙin macijin da aka tono a gona da hannu ba.