Berney Arms: Tashar jirgin ƙasa da mota ba ta zuwa

Tashar Berney Arms na cikin tashoshin jirgin ƙasa mafiya ƙanƙanta a Birtaniya, kuma babu ma'aikaci ko ɗaya a cikinta.

Tana tsakiyar fadamar Halvergate ne a lardin Norfolk na gabashin Ingila, kimanin kilomita 25 daga birnin Norwich, a kan layin dogon da ya tashi daga Reedham zuwa garin Great Yarmouth na bakin teku.

Babu hanyar mota da ta isa wurin. Mai son zuwa sai dai ya shiga jirgin ƙasa, ko ya taka da ƙafa, ko kuma ya biyo kogin Yare a kwalekwale.

Asalin tashar

An buɗe tashar ne a shekarar 1844, lokacin da aka shimfiɗa layin dogo tsakanin Norwich da Yarmouth.

Mai filin da layin ya ratsa, Thomas Trench Berney, ya gindaya sharaɗin cewa ba zai sayar ba sai an gina tasha a wurin.

Kamfanin jirgin ya gina tashar, amma bayan 'yan shekaru sai jiragensa suka daina tsayawa. Hujjarsa ita ce alkawarin gina tasha ya yi, ba na tsayar da jirgi ba.

Sai da aka sha doguwar taƙaddama ta shari'a kafin aka amince jirage su ci gaba da tsayawa.

Abubuwan da ke cikinta

Dandamali ɗaya ne tak a tashar, gajere ƙwarai, wanda bai kai tsawon jirgin ba.

Ban da shi sai wata 'yar rumfar katako da fasinja kan fake a ciki idan ana ruwa ko iska. Babu ofishin sayar da tikiti.

Jiragen kamfanin Greater Anglia ƙalilan ne ke bi ta nan a rana, kuma ba sa tsayawa sai an nema.

Wanda ke jira sai ya ɗaga wa direba hannu, wanda ke ciki kuma sai ya shaida wa kwandasta tun da wuri cewa zai sauka.

Su wa ke amfani da ita?

Akasarin fasinjojin masu yawon buɗe ido ne da masu sha'awar kallon tsuntsaye, domin akwai gandun tsuntsaye a fadamar.

Akwai kuma wani tsohon injin iska mai tsayin kusan mita 21, wanda a da ake amfani da shi wajen janye ruwa daga fadamar.

Alkaluman hukuma na shekarar 2019 zuwa 2020 sun nuna cewa fasinjoji 42 kacal suka hau ko suka sauka a tashar, adadi mafi ƙaranci a duk faɗin Birtaniya.

Dalili kuwa shi ne an rufe layin daga watan Oktoban 2018 zuwa Fabrairun 2020, domin sabunta na'urorin ba jirage hannu.

Duk da ƙarancin fasinja, rufe tasha a Birtaniya ba abu ne mai sauƙi ba, saboda doka ta tanadi cewa sai an ji ra'ayin jama'a tukuna.

Fiye da shekaru 180 ke nan da gindaya wancan sharaɗi, kuma har yanzu jirgi na tsayawa a Berney Arms ko don mutum ɗaya.