Yadda Ake Gane Kan Inji Mai Ƙarfi a Injin Mota na Hannu

Kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda, shi ne sashen da ke rufe saman bulok, kuma a cikinsa bawul-bawul suke, da hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi, da mazaunin fulogi. Yawan iskar da yake iya shigarwa shi ke ƙayyade ƙarfin inji. Saboda haka kamfanoni kan ƙera iri biyu: na tattalin mai da na gudu. A kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, farashinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne mai saye kan yi asara idan ya dogara da maganar baki ko da rubutun da ke jikin murfi. Murfi dai ƙusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, fenti kuma ba shi da tsada.

Kamfanin Toyota ya sauƙaƙa lamarin da haruffan lambar inji. Harafin F na nufin kan tattali, G kuma na nufin kan gudu. Sai dai wannan lamba ba ta tabbatar da irin kan da aka ɗora wa bulok daga baya. Dole ne a duba kan shi kansa.

Injin 4A-FE na tsofaffin Corolla da ɗan'uwansa 4A-GE, wanda ya fito a 1983, misali ne mai kyau. A 4A-GE bawul ɗin shiga da na fita sun buɗe da kusurwa ta kusan digiri 50, a 4A-FE kuwa kusan digiri 22 ne, shi ya sa kan na farko ya fi faɗi ƙwarai. Hujjar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin marfin bel: a 4A-GE bel ɗin yana juya kamshaf biyu, kowanne da giyarsa, alhali a 4A-FE kamshaf ɗaya kawai yake ja, shi kuma ya juya ɗayan da haƙoran giya daga ciki. Daga 1991 aka fitar da samfuri mai bawul 20, wato biyar a kowace silinda, uku na shiga biyu na fita, tare da maƙogwaron iska huɗu a jere. Masu sana'a suna bambanta na 1991 da na 1995 da launin murfi, fari ko baƙi, amma launi shi ne mafi raunin shaida.

Abin da ya fi shafar masu mota a yau shi ne bambancin 1ZZ-FE da 2ZZ-GE, domin Corolla da Matrix da Pontiac Vibe sun cika tituna. Dukansu lita 1.8 ne, amma na farko yana ba da ƙarfin doki wajen 130, na biyu kuma, wanda aka ƙera tare da Yamaha, wajen 180. Ana samunsa a Matrix XRS da Vibe GT da Celica GT-S. Kan 1ZZ yana da makunnin mai na lantarki guda ɗaya. Na 2ZZ yana da biyu, domin na biyun ne ke ƙara buɗewar bawul idan juyin inji ya kai wajen 6,000 a minti. Idan aka ɗaga murfi, a 1ZZ kamshaf yana danna bawul kai tsaye ta kan wasu ƙananan kofuna, a 2ZZ kuwa akwai hannuwan ƙarfe a tsakani. Kawunan biyu ba sa musaya, tunda faɗin silindar 2ZZ milimita 82 ne, na 1ZZ kuma 79. Duk wanda ya ce ya ɗora kan 2ZZ a bulok ɗin 1ZZ, a bincika maganarsa da kyau.

A ɓangaren Honda, ana karanta lambar da aka zuba tare da ƙarfen kan. PR3 na injin B16A ne, wanda ya fara kawo fasahar VTEC a 1989, P72 kuma na B18C da ke cikin Integra GS-R. Lambar zubi tana fitowa ne a tudu, saboda haka wurin da aka goge ya yi sumul abin tuhuma ne. Kan VTEC na wannan jerin yana da makunnin mai a gefensa, kuma kowane bawul biyu suna da tudun kamshaf uku, na tsakiya ya fi girma.

Gane asalin kai bai wadatar ba, domin kan gudu yakan sha wahala kafin ya iso kasuwa. Ana aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a auna lanƙwasa. A yawancin waɗannan injuna iyakar da aka yarda da ita milimita 0.05 ce. Ana neman tsaga tsakanin mazaunin bawul da ramin fulogi, sannan a tambaya ko an taɓa sassaƙe fuskar, domin sassaƙa mai yawa tana ƙara matsi, ta kuma kusantar da bawul ga fistin. A 2ZZ na shekarun farko, ƙusoshin da ke riƙe sandar hannuwan bawul sun shahara da karyewa, kuma idan suka karye ƙarin ƙarfin nan ba ya zuwa ko da an taka mota iya takawa. Matsinsa na 11.5 kuma yana buƙatar fetur mai inganci, abin da ya kamata mai saye ya lissafa tun kafin ya biya kuɗi.